Farantin Bayan Azahar

Shagon ɗinkin da na yi rabin rayuwata a cikinsa yana Ƙofar Durbi, a wani lungu da mota ba ta shiga sai mashin. Na wani Alhaji ne ɗan kasuwa wanda bai taɓa taka keken ɗinki ba, ya dai zuba kekuna ya ɗauko mu. Na shiga ina saurayi, bayan karatun boko ya gagare ni tun ban yi nisa a sakandare ba. A nan na koyi yanka, a nan na yi aure, a nan furfura ta fara fito mini.

Akwai wata al'ada da na tarar a shagon, ban san wanda ya fara ta ba. Kowa zai zo da kwanon abincinsa daga gida da safe, ko a aiko masa da hantsi, a jera kwanukan a bayan shago kusa da randa. Idan aka idar da sallar azahar, sai a shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedin da ke ƙofar shago, a juye duk abincin a babban faranti guda, garau-garau a nan, ɗanwake a can, dambu a gefe, a kewaye shi a ci. Ba a tambayar wa ya kawo me. Wanda aka yi wa shinkafa da nama da wanda aka kwaɗa wa zogale, duk hannu ɗaya suke sawa.

Mai juyewar kuwa Baba ne, mai gugarmu. Dattijo ne siriri, mai tsabta, ba ya son wargi a kan aikinsa. Da dutsen gawayi yake guga, kuma idan ya goge maka babbar riga sai ka ji tausayin saka ta. Matarsa ta rasu tun kafin in san shi sosai, ɗiyarsa ɗaya tana aure a wani ƙauye can wajen Jibiya, shi kuma yana zaune a ɗaki guda a gidan 'ya'yan wansa a Ƙofar 'Yandaka. Ba mai ɗora masa tukunya. Abin da yake samu a guga ba ya kai shi ko'ina, rabinsa a maganin ƙafa yake tafiya. Amma kullum Baba zai zo da kwanonsa a rufe, ɗaure da ƙyalle, ya ajiye cikin jerin kwanuka kamar kowa. Kwanon ba komai a ciki sai ƙullin yaji. Dukanmu mun sani. Shi ya sa aka bar masa juyewa, shi kaɗai a bayan shago, ba mai leƙawa. Zai fito da faranti a hannu, ya barbaɗa yajinsa, ya ce bismillah. In an ci an rage, shi ke kwashewa, wai kada a yi almubazzaranci, kuma ragowar nan ita ce abincinsa na dare. Shekaru ana haka, ban taɓa jin wanda ya furta ba, ko a bayan idonsa.

A bakin farantin nan ake duk wata hira ta shago. Muna da wani mai aikin wuyan riga, Banufe ne, ubansa ya zo Katsina da sana'ar surfani ya zauna. Shi ne abokin wasanmu duka, ba ya raga wa kowa.

"Baba, yajin nan naka yau ba ya da kai," zai ce, bayan ya cika baki. "Halan tsufa ya sa ka manta barkono?"

"To cire hannunka mana, bawana. Wa ya gayyato ka?"

"Ni da bayina ke noma mani? Ku Katsinawa in ba mu ba, kun isa ku sa riga mai aiki?"

"Ji shi. Ka ci namu, ka sha namu, ka zage mu. Matsa can, kana tare mani wake."

Sai dariya. A nan mai sabon aure ke shan tsiya, a nan ake jin wanda ɗansa ba lafiya, a nan biyun da suka yi cacar baki da safe a kan almakashi za su tarar da hannuwansu a gefen dambu ɗaya, su tashi sun manta. Bayan an wanke hannu wani zai ɗan miƙe a tabarma ya rufe fuska da hula. Ba a daɗewa. Amma in muka koma kan kekuna, jiki a sake yake, har la'asar za ka ji wani na ƙananan waƙe-waƙe a ƙarƙashin ƙarar keke. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Na ɗauka haka kowane shago yake.

Da wanda ke kula da shagon ya tafi ya buɗe nasa, sai Alhaji ya kira ni ya ba ni makulli. Ba zan ɓoye ba, abin ya hau mini kai. Ni da ban yi karatu ba, ga shi an ɗora ni a kan mutane, har da waɗanda suka girme ni. Na fara sa agogo. Na fara jin haushin dariyar da ba ni na tayar ba. Kullum ina neman abin da zan nuna wa Alhaji cewa bai yi zaɓen tumun dare ba.

A wannan shekarar aka canza mana lokacin wuta. Sai rana ta take ake kawo ta, kafin la'asar an ɗauke. Kekunan aikin wuya kuwa sai da wuta, man janareta ga tsada. Wata rana Alhaji ya biyo ta lungun a bayan mashin, ya same mu zube a tabarma, ƙwan lantarki na ci a cikin shago, fanka na juyawa, kekuna a tsaye. Bai yi faɗa ba. Ya gaisa da kowa, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wuta na ci ku ma kuna ci?" Ya yi 'yar dariya ya tafi. Mai yiwuwa kafin ya fita lungun ya manta. Ni kuwa maganar ta kwana tana cina.

Washegari na tara su. Na ce daga yau salla dai a yi ta a jam'i, amma ana sallamewa kowa ya koma kan kekensa. Abinci bi da bi, mutum ya ɗauki kwanonsa ya ci a wurin zamansa, ya ci gaba da aiki. Ba tabarma, ba faranti, har sai wuta ta gyaru.

Banufe ya dube ni, ya ɗan karkata ido wajen teburin guga, ya sake dubana. Na gane abin da yake nufi. A nan laifina yake, kuma ba zan rage shi ba. Ban manta da Baba ba. Na tuna da shi sarai, ina cikin maganar ma na tuna. Sai na ce a raina ai na ɗan lokaci ne, ai za su san yadda za su yi da shi. Na bar wa wasu gyaran abin da ni na ɓata, don kada a ce na yi magana na janye.

Ranar farko kowa ya ɗauko kwanonsa. Baba bai je bayan shago ba, ya tsaya yana hura gawayi. Dutsensa ba ruwansa da wutar lantarki, dokata ba ta ƙara masa aiki ko na riga ɗaya ba, abincinsa kawai ta ɗauke. Banufe ya taso da kwanonsa a buɗe ya je har teburin.

"Baba, bismillah. Yau matata ta yi abin kirki, zo ka shaida."

"Alhamdu lillahi. Azumi nake."

Litinin ce, ba wanda ya yi mamaki. Washegari Banufe ya sake zuwa.

"Baba, yau fa Talata."

"Talatar ma ta Allah ce, bawana. Je ka ci abinka."

Baba ba ya ƙarya. Azumin gaske yake yi. Tun asuba yake ɗaura niyya, tunda ya san ba abin da ke jiransa da rana, gara yunwar ta zama ibada. Wani ya gwada aje masa leda a ƙarƙashin tebur, da yamma aka tarar da ita yadda aka aje. Wani ya ce matarsa ce ta zubo da yawa, Baba ya ce a kai wa maƙwabta. A faranti yana ci ne a matsayin ɗaya daga cikinmu, mai juyewa, mai yaji, mai tsawata wa wanda ya cika loma. Abin da aka miƙo masa a hannu kuwa sadaka ce, kuma dattijon nan bai taɓa karɓar sadaka a wurin sa'o'in ɗiyarsa ba. Kwanon ma ya daina zuwa da shi.

Shagon ya canza, ina gani. Mutum zai ci abinci ƙafa ɗaya a kan keke, ido a kan allura, ya haɗiye ba tare da ya san me ya ci ba. Wasu kunyar ci a gaban Baba ta sa suka riƙa juya baya, suna ci da sauri kamar masu sata. Wanda ya zo da gayan tuwo ya fara ɓoye kwanonsa, domin yanzu ana ganin na kowa. Faɗan safe ya daina mutuwa da rana, sai ya kai yamma, ya kwana, ya tashi da su. Man ja ya ɗiga a yadin wata mata. Aka yanka hannun riga biyu na gefe ɗaya. Daga azahar zuwa la'asar ba ka jin komai sai ƙarar kekuna da tsaki. Banufe, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya koma sai a wuni bai tsokani kowa ba.

Ni kuma na koma cin nawa a ƙuryar da muke aje yadi, ni kaɗai, ƙofa a kare. Ina ce wa kaina girma ne. Gaskiyar ita ce ba na iya haɗiya ina ganin bayan Baba. Abincin ma ya daina yi mini daɗi, na fara fama da ciwon ciki, in koma gida in huce a kan iyalina. Matata ta taɓa tambayata ko yajin gidan ne ya yi yawa, kwano yake dawowa da saura. Na daka mata tsawa.

Wata rana Banufe ya biyo ni ƙuryar, ya rufe ƙofa.

"Maigida, magana nake so mu yi, ba ta wasa ba."

"Ina jin ka."

"Dattijon nan zai faɗi. Ka dubi wuyan rigarsa kuwa? Ka maida mana farantinmu. In don wuta ce, ni na yarda in riƙa zama kan keke ku ku ci, in kun tashi in ci ragowa."

Shawara ce mai kyau, kuma da na karɓa da shi ke nan. Amma daga bakinsa ta fito, ba daga nawa ba. Na ce masa shago ba gidan biki ba ne, kuma in an ba shi makulli sai ya yi yadda ya ga dama. Ya daɗe yana kallona.

"Allah ya ba ka haƙuri," ya ce, ya fita.

Abin da ya fi wannan muni, da Alhaji ya zo zagaye, na tsaya a gaban kowa ina yabon Baba. Na ce a yi koyi da shi, dattijo ne amma ko tashi ba ya yi daga kan aiki. Alhaji ya ce madalla. Baba bai ɗago ba, ya ci gaba da fesa ruwa a kan riga.

Ana cikin zafin bazara abin ya faru. Akwai wata babbar riga ta shadda, fara, ta wani ango, Banufe ya yi kwanaki yana zuba mata aiki. Ita ce a teburin Baba gab da la'asar. Na jiyo ƙauri daga ƙurya. Da na fito, Baba na tsaye ya dafa bango da hannu ɗaya, idonsa a rufe, dutsen na zaune a kan ƙirjin rigar yana hayaƙi. Jiri ne ya ɗebe shi. Wani ya yi tsalle ya ɗauke dutsen, amma ya riga ya bar tambarinsa, baƙi, daidai tsakiyar aikin.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in zaunar da shi, in sa a yi masa fifita. Ni kuwa fuskar Alhaji nake gani, da ta ango. Tsoro ya cika ni, ya fito da sunan fushi. Na ɗaga murya, a gaban kowa, har da mata biyu da suka zo karɓar ɗinki.

"Wa ya ɗora maka azumin nan, Baba? Kowa a nan ya san kwanonka ba komai ciki! In yunwa kake ji ka faɗa a ba ka, ka daina ƙona ma mutane kaya!"

Kekuna suka tsaya. Na ji maganar tana fita daga bakina, na so in kamo ta, ta riga ta tafi. Abin da mutane da yawa suka haɗu suka rufe shekara da shekaru, wasunsu har sun bar shagon, wasu sun rasu, ni na yaye shi da numfashi ɗaya.

Baba ya buɗe ido. Bai dube ni ba, sauran ya bi da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Ina jin sai a lokacin ya tabbatar cewa duk sun sani. Ya ɗauki dutsen, ya fita waje ya zubar da garwashin, ya yayyafa masa ruwa, ya dawo ya aje dutsen a mazauninsa. Ya naɗe bargon guga. Ya ce, "Rigar mutane a cire a haƙƙina. Ku yafe mani." Ya sa takalmansa ya tafi, yana ɗingisa ƙafar nan tasa. Ba wanda ya iya bin sa, ni ma ban bi shi ba.

Maganar rigar ba ta zama komai ba. Alhaji ya sayi wata shaddar, Banufe ya sake aikin, ango ya sa abinsa. Washegarin tafiyar Baba da kaina na ɗauko tabarma na shimfiɗa, na ce a fito da faranti. Suka fito, suka zauna, aka ci. Wani ya juye abincin a gaban kowa, ana ganin kwanon da kowane ya fito.

Na ɗauki kwanaki ina cewa gobe zan je. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci na nufi Ƙofar 'Yandaka, na yi tambaya aka nuna mini gidan. Ɗakinsa na cikin soro na biyu, a share tas, tabarma da buta da 'yan kaya a rataye. Ya amsa sallamata kamar ba abin da ya faru. Ya tambayi iyali, ya tambayi Alhaji, ya tambayi mutanen shago da ɗai-ɗai, ya ce ina bawansa, yana nan yana cin na Katsinawa? Na durƙusa na ce na zo neman gafara.

"Tashi, Malam. Na yafe maka tun kafin in kai bakin titi."

"To ka dawo, Baba. Mun maida faranti. Ba mai juye mana."

Ya murza gwiwarsa.

"Ka ga, da can ina zaton wataƙila an sani, wataƙila ba a sani ba. A tsakanin nan nake cin abincina. Yanzu in na zauna, kowa zai riƙa turo mani nama gabana. Ni kuma zan riƙa lura da wanda ya turo. Mi ya yi saura na ci a nan?"

Na ce to ya bari a riƙa kawo masa guga gida. Ya ce ƙafar ba ta barinsa tsayuwa yanzu, kuma ɗiyarsa ta daɗe tana roƙon ya koma wurinta, ya ce mata to. Na sa hannu a aljihu, ya ɗaga mini tafin hannu, na fito da hannuna wayam.

Da na yunƙura zan tashi ya ce in dakata, baƙo ba ya zuwa ya tafi haka. Ya leƙa waje ya yi aike, aka kawo fura a ƙwarya daga maƙwabta. Na san abin da sayen furar nan yake nufi a wurinsa. Na ce na ƙoshi, ya ce ba a ƙoshi da fura. Ya dama da kansa, ya tura mini, ya koma ya jingina da bango. Na ce mu sha tare. Ya ce wannan ta baƙo ce. Haka na zauna a ɗakin mutumin da na hana abinci, ina shan furarsa, yana kallona yana cewa in ƙara, akwai saura a ƙasa. Na shanye, domin barin ta zai zama wani cin fuskar.

Ya raka ni har ƙofar gida duk da ƙafar. Ya ce in gaida mutanen shago, in ce wa sabon mai guga ya riƙa juya shadda ta ciki kafin ya ɗora dutse.

Kafin damina ta faɗi ɗiyarsa ta aiko aka tafi da shi. Ban sake ganinsa ba. Labarin rasuwarsa ya iso mana bayan an yi kwanaki da binne shi, wani ɗan wansa ne ya faɗa wa Banufe a kasuwa. Muka yi masa addu'a a shago bayan azahar. Baba ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, domin ba ya faɗin abin da ba haka ba. Amma ya bar garin da aka haife shi, ya je ya ƙarasa a ɗakin suruki, abin da ya yi shekaru yana gudu, kuma bakina ne ya kai shi. Wanda ya karanta wannan ya roƙa masa rahama. Ni ma in da hali a sa ni a ciki.